Rijiyoyin Kurmin Ndalima

Malam Umara bai taɓa ganin kurmi da idonsa ba. Gara a fara faɗin wannan, domin duk unguwar Fezzan da kurmi ta san shi, har ana ce masa Baba Mai Kurmi, alhali tafiya mafi nisa da ya taɓa yi ita ce Jos, inda aka tura shi kwas na sati uku, ya dawo da mura da rantsuwar ba zai ƙara ba.

A tsakiyar birnin Yerwa aka haife shi, a lungun da gida ke jingine da gida. Mahaifinsa ɗinkin manyan riguna yake yi, ya so ɗan ya gaje shi, amma hannun Umara ya fi son jan layi a kan jan zare. Gawayi, alli, tsinke a kan yashi, duk abin da ya samu sai ya zana wani abu da shi, ya kuma sha duka a kan bangon mutane ba sau ɗaya ba. Da ya gama makaranta aka ɗauke shi aiki a wani ofishin safiyo, aka ba shi teburi da fensir da rula, ya shekara talatin da biyar yana zana filayen mutane.

Aikin kuwa babu armashi. Fili mai kusurwa huɗu, kusa da shi wani fili mai kusurwa huɗu, miƙaƙƙiyar hanya a tsakani. Ga ƙasar a shimfiɗe, babu tudu babu kwari da zai sa mai zane ya lanƙwasa hannu. Wata rana cikin bazara an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gumi na ɗiga daga haɓarsa, sai Umara ya juya wata takarda da ta lalace, ya ture rula gefe, ya ja wani kogi mai karkace-karkace don kawai ya huce haushi. Ya ga kogin ya zauna shi kaɗai, ya yi masa itatuwa. Ya ƙara itatuwa. Kafin a tashi daga aiki takardar ta cika maƙil, ya rubuta a samanta: Kurmin Ndalima. Har yau in ka tambaye shi inda ya samo sunan, sai ya ce shi ma haka ya tarar da shi.

A satin ne Allah ya kawo masa Dzarma. Malamin makaranta ne daga kudancin Borno, dogo, mai murya irin ta gaban aji ko da gaisuwa yake yi. Ya zo neman takardar wani ɗan fili da ya saya a unguwar Wulari, aka ce ya jira, ya jira har benci ya ishe shi, ya tashi yana leƙen teburan mutane. Shi Dzarma ya yi bautar ƙasa a wani ƙauye can ƙuryar kudu, cikin kurmi na gaske. Shekara ɗaya tak ya yi, amma ga shi an kusa shekara arba'in bai gama ba da labarinta ba.

Ya tsaya a kan Umara ya ce, "Malam, wannan wace ƙasa ce?"

"Kurmi ne," in ji Umara, yana ƙoƙarin rufe takardar da gwiwar hannu.

"Kurmi? To waɗannan 'yan ƙananan zobban fa?"

"Rijiyoyi. Kowane gari da rijiyarsa."

Dzarma ya tuntsire da dariya har sai da ya dafa bango. "Rijiya a kurmi! Bawan Allah, wurin da ruwa ke zuba wata tara a shekara, ka shanya riga Litinin ka ɗauke ta Juma'a da danshinta, ka taka ƙasa ruwa ya fito ta tsakanin yatsunka, shi ne ka bi gari-gari kana haƙa musu rijiya? Wannan layin kuma na mene ne?"

"Hanyar ayarin raƙuma."

Nan Dzarma ya nemi kujera ya zauna, dariya ta ci ƙarfinsa.

A yi wa Umara adalci. Mutumin da ya tashi yana ganin ana jan ruwa da doguwar igiya, yana ganin kogin garinsu ya ƙafe rabin shekara har ana buga ƙwallo a cikinsa, yana ganin dattawa na rige-rigen inuwar dalbejiya, in ka ce ya ƙago maka ƙasa mai ruwa da itace, to aljanna zai ƙago maka. Kurminsa na farko babu abin tsoro a ciki sai zaki ɗaya, shi ma da alama a ƙoshe yake. A gindin kowane babban itace ya ja ɗan gajeren layi, wai tabarma ce ta matafiya.

Da dariyar ta sake shi, Dzarma ya ɗaga yatsa. "Malam, ka riƙe wannan. Abin da kuke roƙon Allah ya ba ku a nan, ruwa da inuwa, su ne suke kashe mutum a can. Kuma manyan dabbobi ba su ne abin tsoro ba. Ƙananan su ne bala'i."

Ranar bai samu takardar filinsa ba. Ya dawo washegari, ya dawo jibi, har ya samu takardar bai daina zuwa ba.

Suka raba aiki ba tare da sun zauna sun raba ba. Dzarma shi ne mai kawo masifa. Shi ya kawo Kogin Shiru, wanda ba a jin motsin tafiyarsa sai mutum ya tsinci kansa a ciki har ƙugu, wanda ya sha ruwansa kuma ya manta sunan uwarsa da hanyar gida. Shi ya kawo matsattsaku masu tsawon takalmin babban mutum, suna faɗowa daga ganye cikin wuyan riga, da kwarkwasa masu tafiya a jere kwana uku ba a ga ƙarshensu ba, in sun doshi gari sai a kwashi yara da kaji a hau itace. Ya kawo jajayen kwaɗi masu dafi da ke kwanciya cikin duk ganyen da ya tara ruwan sama. Ya kawo Fadamar Haɗiya, mai koriyar ciyawa gwanin sha'awa, wadda ke ja da mutum ƙasa a hankali har ya samu lokacin yin wasiyya. In yana bayanin waɗannan abubuwa fuskarsa har haske take yi, kamar mai ba da labarin ranar aurensa.

Umara kuwa mutane ne damuwarsa. Ya share fili ya kafa garuruwa goma sha bakwai, ya ba kowane ranar kasuwarsa, ya san garin da ke saƙa igiyar gada da garin da ke dafa maganin matsattsaku, ya san garuruwa biyun da ba sa auren juna da abin da ya haɗa kakanninsu. Wata rana ya zo hankali tashe: in itatuwa sun rufe rana ruf, ta yaya mutanensa za su san lokacin salla? Ya kwana biyu yana tunani, ya ƙago wani tsuntsu mai kuka sau biyar a rana. Dzarma ya ce ya yarda, amma da sharaɗin tsuntsun ya ƙara kuka ɗaya ranar Lahadi da safe. Aka shirya a kan haka. Umara ne kuma ya kawo dokar cewa itatuwan Ndalima suna matsawa taku ɗaya kowace damina, don ya samu hujjar sake zana taswirar duk shekara.

Raƙuma wata ɗaya suka yi aka kore su. Tabarmi suka shekara. Amma rijiyoyi, sai da aka shekara goma sha ɗaya ana fafatawa a kansu. Dzarma ya kawo littafi, ya kawo hoto, ya kawo wani abokinsa direban tirela ya ba da shaida. Umara ba shi da hujja ko ɗaya, abin da kawai yake cewa shi ne gari babu rijiya ba gari ba ne. Yana goge su ɗaya bayan ɗaya, kowace da ɓacin ranta. Ranar da ya goge ta ƙarshe ya koma gida ya ture burabuskon da matarsa Hajja Yagana ta ajiye masa. Da ta ji dalili, ta dube shi ta ce, "Kai ma dai, Malam," ta ɗauke kwanonta.

Kafin nan kurmin ya daɗe da barin ofis ya koma gindin dalbejiyar ƙofar gidan Umara. Duk Asabar bayan La'asar ake shimfiɗa tabarma, a baje taswira, a danne kusurwoyinta da takalma. Kowa ya zo da ƙwallon dabinonsa, shi ne matafiyinsa. Ka ɗora shi a kan takarda, ka faɗi inda za ka da abin da ka ɗauka, Umara ya gaya maka hanya da nisa, Dzarma ya gaya maka abin da ya same ka. Wanda ya fi kowa shan wahala shi ne Tahir mai shayi, wanda teburinsa ke daura da bishiyar. Shekara ashirin yana shiga Ndalima, bai taɓa fita da rai ba, kuma bai taɓa mutuwa cikin lumana ba. Sai ya miƙe tsaye da butar shayi a hannu yana rantsuwa cewa ya sa doguwar riga, ya shafa magani, matsattsaku ba su isa ba, Ticha ne kawai ya tsane shi. Ticha shi ne Dzarma, duk unguwar haka take kiransa.

A shekarun da gari ya shiga ƙunci, lokacin da ba a ambaton daji da wasa, ba su fasa zama ba sai in an hana fita. Dzarma kan biyo shingayen bincike daga Wulari ya iso da gumi, ya zauna ya ce, "To, wa zan kashe yau?" mutane su yi dariyar da suka kwana biyu ba su yi ba. Ndalima ne kaɗai dajin da mutum zai shiga, a cinye shi, ya kuma tashi ya yi alwalar Magariba.

Dukansu biyu suka yi ritaya. Umara ya koma taya Hajja Yagana sana'arta ta ɗinkin hula: shi zai zana adon a kan farin yadi da biro, ita ta bi zanen da allura da zare. Ta ce a duk masu zanen da ta yi aiki da su babu mai tsabtar layinsa, babu kuma mai surutunsa.

Sai idon Dzarma ya fara tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, an makara, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Dzarma bai gaya wa kowa ba, ya ci gaba da zuwa, domin ya haddace kurmin kamar tafin hannunsa. Wata Asabar ya ɗauki ƙwallon dabinon Tahir, ya ɗaga murya ya ce, "Ga ka tsundum a Fadamar Haɗiya!" ya dangwara shi a kan tabarma, taƙi guda a wajen takardar.

Kowa ya ga inda ƙwallon yake. Tahir, mutumin da bai taɓa yarda da mutuwarsa ba, ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Haka ne, Ticha. Na mutu."

Dzarma ya shafa wurin da hannu, ya ji kabar tabarma. Ya zauna har aka tashi, ya yi sallama da kowa da sunansa, ya hau keke napep. Asabar ta gaba bai zo ba, ta gaban ta ma haka.

Umara ya bi shi Wulari. Agnes, matar Dzarma, ta tarbe shi a ƙofa ta ce, "Malam, ka shiga ka gwada. Coci ma da ƙyar nake fitar da shi." Ya tarar da abokinsa a kujera a baranda, rediyo a cinya ba a kunna ba. Dzarma ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi Hajja, ya tambayi yara, ya tambayi zafi. Shekara kusan arba'in bai taɓa yi wa Umara irin wannan ladabin ba, kuma Umara bai taɓa jin abin da ya tsorata shi kamarsa ba.

Ya gwada tsokana. "Ticha, ina tunanin dawo da raƙuma."

"To. Ya yi kyau."

"Har da tabarmi. Zan ma yi kwalta ta ratsa Fadamar Haɗiya."

"Ka sa duk abin da kake so, Malam Umara. Ni ba gani zan yi ba."

Umara ya koma gida zuciyarsa a ƙuntace. Taswira tana nan, ƙwallayen dabino suna nan cikin gwangwani, amma ya sani sarai in Dzarma bai dawo ba kurmin ya mutu, shi kuma ya yi asarar mutumin da ya fi kowa iya ɓata masa rai da faranta masa. Ya gwada riƙe zaman Asabar shi kaɗai. Tausayi ya hana shi kashe kowa, Tahir ya ratsa Ndalima daga farko har ƙarshe ko ƙaya ba ta soke shi ba, ya tashi ya koma teburinsa yana cewa wannan ai ba wasa ba ne.

Wata hantsi yana zaune a tsakar gida, Hajja Yagana na hira da maƙwabciyarta, hular da ta gama tana hannunta. Idonta na kan maƙwabciyar, babban yatsanta na bin ɗinkin. Can ta tsaya a tsakiyar magana ta ce, "Af, na tsallake ɗaya a nan," ta ɗauko allura. Ba ta ko kalli hular ba.

Umara ya miƙe zumbur har ya zubar da kofin kununsa. "Hajja! Da yatsa kika gani?"

"Da me zan gani? Duk mai ɗinki da yatsa take dubawa. Ka ga ka ɓata min tabarma."

Ranar ya sayo farin yadi kamu huɗu. Ya kwana uku yana zana Ndalima a kai da biro, kogi da fadama da garuruwa, babu abin da ya bari. Suka zauna da Hajja suka tsara yadda kowane abu zai ji a hannu: Kogin Shiru da zaren siliki mai santsi, Fadamar Haɗiya da ɗinki mai laushi an cusa auduga a ƙasa don yatsa ya nutse, hanyar kwarkwasa da 'yan ƙulle-ƙulle masu tauri a jere, itatuwa da ɗinki mai tudu. Hajja ta kira matan unguwa uku da take ba su aikin hula, sannan ta kafa masa doka: ba zai leƙa ba sai an gama, domin ita ba ta aiki ana tsaye a kanta ana huci. Wata huɗu ana ɗinki. Wata huɗu Umara na zagaya ɗakin kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Ranar wata Asabar bayan Azahar ta fito da shi a ninke, yana ƙamshin turaren wuta. Umara ya baje shi a tsakar gida. Ndalima ne, kore shar, kogin na sheƙi, ya fi duk wanda ya taɓa zanawa kyau. Sai idonsa ya sauka a tsakiyar gari na farko. Ɗan ƙaramin zobe ne na baƙin zare, mai rami a tsakiya. Ya duba gari na biyu, akwai. Ya ƙirga, goma sha bakwai cif.

"Hajja, mene ne wannan?"

"Rijiya."

"Ban zana rijiya ba! Na goge su tun kafin a haifi autarmu! Mutumin nan zai ce da gangan na yi don ba ya gani. Ɗauko reza a warware."

Hajja Yagana ta gyara lafayarta. "Kai ka goge, ni ban goge ba. Wata huɗu ina zaune da matan garuruwan nan a cinyata. Ina za su ɗebi ruwa? Kogin da in an sha ake manta uwa? Ko ganyen da kwaɗi masu dafi ke kwance a ciki? Ku maza kun zauna kun lalata ruwan ƙasa gaba ɗaya, kun bar mata da tulu a ka. Wanda ya taɓa min rijiya ɗaya, shi zai ɗinka hular gidan nan daga yau."

Umara ya sake duban zobban. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana neman wannan hujjar, ashe tana cikin gidansa tana tuƙa masa tuwo. Duk da haka da fargaba ya naɗe yadin ya tari keke napep.

Dzarma na nan a barandarsa. Suka gaisa irin gaisuwar nan mai sanyi. Umara bai yi dogon bayani ba, ya jawo teburi, ya shimfiɗa yadin, ya kama hannun abokinsa ya ɗora a kai. Agnes ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

Yatsun suka tsaya cak, sannan suka fara tafiya. Suka samu santsin siliki suka bi shi, kwana bayan kwana. Leɓen Dzarma ya motsa. "Kogin Shiru," ya ce can ƙasa. Ya ci gaba, yatsansa ya nutse cikin auduga, ya janye da sauri, ya sake dannawa. Ya bi ƙulle-ƙullen kwarkwasa har ƙarshe. Umara ya ƙura masa ido yana addu'a a zuci.

"Hajja ce ta yi?" in ji Dzarma. "Ta yi ƙoƙari. Ka yi mata godiya. Na gode ƙwarai, Malam Umara."

Ladabin nan dai. Umara ya fara tunanin yadda zai naɗe kayansa ya tafi.

Hannun Dzarma bai bar yadin ba tukuna. Yana shafawa a hankali, irin shafar sallama, sai ɗan yatsansa ya faɗa cikin wani ɗan rami. Ya tsaya. Ya zagaya bakin ramin. Ya yamutsa fuska, ya miƙa hannu can gabas inda ya san akwai wani gari, ya lalubo tsakiyarsa. Ya koma kudu. Ya koma yamma, yanzu da hannu biyu, da sauri.

"Umara."

Babu Malam a ciki. "Na'am, Ticha."

"Mene ne wannan?"

"Rijiya ce."

"Rijiya!" Rediyon ya faɗo daga cinyarsa. "Rijiya a kurmina! Goma sha nawa? Ka ga ido ya tafi shi ne ka lallaɓo ka dawo da su? Ka ɗauka ba zan gani ba? Ga su nan ina ganinsu ɗaya bayan ɗaya! Shekara goma sha ɗaya ina karantar da kai, ashe ko harafi bai shiga ba!"

"To ina matan za su ɗebi ruwa?" Umara ma ya ɗaga murya, yana jin ƙarfi na dawo masa. "Kai ka ce wanda ya sha kogi ya manta uwarsa!"

"Ruwan sama! Su tara ruwan sama!"

"A ganyen da ka cika da kwaɗi masu dafi?"

"Su tara a tulu!"

"Wata ukun da ba a ruwa fa? Kai da bakinka ka ce wata tara!"

Dzarma ya buga teburi. "Wannan ba maganarka ba ce. Ba ka da wannan basirar. Hajja ce!"

A bakin ƙofa Agnes ta rufe fuska da gefen zaninta, kafaɗunta na rawa, ba ka iya cewa dariya take ko kuka. Umara kuwa hawaye ne ke bin gemunsa, bai damu ya share ba. An kira shi marar basira a gaban matar mutane, kuma tun da aka haife shi ba a taɓa gaya masa magana mai daɗin wannan ba.

"Agnes!" Dzarma ya daka kira. "Yau wace rana?"

"Asabar."

"Ina takalmana? Ina sandar nan da kika saya na ce ba na so? Kawo ta. Ba za a yanke wannan hukunci a baranda ba."

Ana idar da La'asar keke napep ya tsaya a gindin dalbejiya. Tahir ne ya fara hango dogon mutumin yana fitowa da sanda, ya saki murfin buta, ya tarbe shi da gaisuwar garin. "Ticha! Wushe, wushe! Lale!" Kafin a shimfiɗa tabarma wuri ya cika, har Hajja Yagana ta jawo kujera ta zauna daga cikin zaure inda za ta ji komai. Aka baje yadin, Dzarma ya zauna a gabansa ya ɗora tafukansa biyu a kai.

"Na yi tunani a hanya," ya ce da muryar gaban aji. "Hajja tana da gaskiya, matan Ndalima za su sha ruwa. Rijiyoyi sun zauna." Daga cikin zaure aka ji an ce, "Yauwa." Ya ɗaga yatsa. "Tahir, kawo ƙwallonka."

Tahir ya miƙa. Dzarma ya lalubi gari na farko, ya dasa ƙwallon daidai bakin zoben baƙin zare, ko kaɗan bai kauce ba.

"Ka iso gari da ƙishirwa. Ga rijiya, ga guga. Me za ka yi?"

"Sai in ja ruwa in sha mana. Rijiyar Hajja ce, lafiya lau take."

"Ka zura guga. Ka ji ya yi nauyi. Ka ja, ka ja, ka leƙa ka ga me ya riƙe shi." Murmushi ya fara buɗe fuskar Dzarma a hankali. "Shekara ashirin da wani abu rijiyoyin nan suna rufe babu mai kula da su. Kana tsammani babu abin da ya tare a ciki?"

Tahir ya miƙe tsaye da buta a hannu. "Wallahi ban yarda ba! Ban leƙa ba! Wa ya ce na leƙa? Jama'a, kun ji na ce na leƙa? Mutumin nan ya tsane ni, ido ko babu ido!"

"Ka leƙa," in ji Dzarma cikin jin daɗi, ya tura ƙwallon cikin ramin da ɗan yatsa. "Ka mutu."

Malam Umara ya jingina da dalbejiya yana dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya zaro biro daga aljihu ya matso kusa da abokinsa.

"To, Ticha, gaya min. Abin da ke cikin rijiyar, ƙafa nawa gare shi?"